Madubin da Ya Zaga Makarantu Goma Sha Biyu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, da fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi, kuma kina shan maganin yadda likita ya ce, ba irin naki ba, ki sha na kwana biyu ki ce kin warke. Ki gaishe min da maigidanki da yara. Mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. 'Yarki Auta tana gaishe ki.

Yaya, jiya da hantsi, ina tsaye a ɗakin ɗinkina da kalanda a hannu, na gane abin da ya raba ni da mijina. Na san za ki ce ajali ne, kuma ban musa ba. Amma shi ma ajali da hanyar da yake biyowa, ni kuwa sai jiya na ga sawunsa.

Mutanen ma'aikatar ilimi ne suka zo min ta'aziyya, bayan wata biyar cif. Su uku, da shugaban makarantar su marigayi a gaba, wanda ɗalibai ke kira Malam Za-a-duba, don komai aka kai masa, ko rufin aji ne ya yaye, amsarsa ke nan. Suka zauna minti goma, suka sha ruwa. Babban cikinsu yana ta yabon Malam, mijina, da sunan wani mutum daban, ba wanda ya gyara masa. Da za su tashi suka miƙo min kalandar sabuwar shekara mai ƙyalli, wai kyauta ce daga ofis. Shekara ashirin da huɗu bawan Allah yana wanke musu kwalabe a ɗakin gwajin kimiyya, tukuicinsa takardar duba kwanan wata.

Bayan fitarsu na buɗe, don in ga ko takardar za ta yi min yankan samfurin riga. Kowane wata da hoton wata babbar sakandare, an rubuta a ƙasa wai sabon ɗakin gwaji ne da gwamnati ta cika da kaya. A watan farko ga 'yan mata cikin fararen riguna sun kewaye madubin likita, wannan mai ƙafa da ake leƙawa a ga abin da ido ba ya gani. A gefen teburin kuwa ga rigar madubin a ninke. Yaya, zanena ne. Koren nan mai ganye da kika saya min lokacin haihuwar Auta. Da ya tsufa na yanka shi na ɗinka wa madubai shida riguna, don Malam ya ce ƙura na ɓata su. Na shidan yadi ya gaza, na cike bakinsa da ƙyalle ruwan ɗorawa.

Na juya wata na biyu. Makarantar maza ce, bango daban, kayan makaranta daban, zanena na nan. Na uku, na huɗu, har na goma sha biyu, tela ba ta kasa gane ɗinkinta. A wata na tara ma an ɗauko hannun Malam a gefen hoto yana riƙe da kwali, na gane shi da tabon ƙunar sinadari da ke bayan babban yatsansa. Fuskar ce ba su ga amfanin sakawa ba.

Shekara biyu yana ce min zai tafi rabon kaya makarantu. Da yamma na kira direban motar da suke tafiya tare, na haɗa shi da Allah, ya faɗa min gaskiya. Ba rabo ake yi ba, yawo ake yi. Kaya ɗaya ne tal: madubai shida, ma'auni ɗaya, kwalayen kwalabe, da fararen riguna ashirin. Ana gobe baƙi za su zo wata makaranta, sai a kai a jera. Baƙi su zo, a tafa, a ɗauki hoto, kafin la'asar an tuɓe wa yara rigunan an mayar da komai mota. Malam suke ɗauka domin shi kaɗai ya iya shirya gilashi a kwali ya yi tafiyar yini bai fashe ba. A tafiyar ƙarshe ruwan sama ya kama su a hanya. Mai ɗaukar hoto ne a gaban mota da kayansa, Malam yana baya, tamfol kuma ɗaya ne. Ya rufe kwalaye da shi, shi ya zauna a fili awa uku. Kin san sauran, ƙirjin nan da ya riƙe shi kwana goma sha ɗaya.

Abin da ke ci na a rai, na taɓa yi masa gori. Na ce ya fi son hanya da gida, ko dai akwai abin da yake ci a can. Sai ya tashi ya bar abincin. Ashe kunya ce ke hana shi haɗiya.

Ni ban yi zurfi a boko ba, amma ina da ido. Da aka kawo ni gidansa, duk zangon karatu mota ke zuwa makarantar da kwalaye, har yakan dawo yana ƙorafin ba wurin ajiya. Sai ta koma sau ɗaya a shekara. Sai gas ya ƙare ba a sake kawowa ba, aka ce yara su riƙa zuwa da kyandir. Sai famfon ɗakin ya ƙafe, yana ɗebo ruwa a bokiti. Aji ya tashi daga yara arba'in zuwa casa'in. Amma duk shekara rediyo na cewa an ƙara wa manyan sakandare kaso a kasafin kuɗi, na bana ya fi na bara. Ƙarin da na gani da idona shi ne ƙofar makarantar, an sake ta sau uku, kowace ta fi ta baya tsawo. Ban san me suke tsoron a sata ba.

Auta tana ajin ƙarshe a makarantar nan, saura mako shida su fara jarrabawar fita, kuma akwai ta gwaji, wadda za a sa yarinya ta yi da hannunta. Ubanta ya zaga da madubi makarantu goma sha biyu, ita ba ta taɓa sa ido a ciki ba. A allo ake zana musu shi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da ya dawo jiƙe, ya shigo da wani akwatin katako ya ɗora a kan kabad, ya ce ruwa ya shiga, zai busar ya mayar. Bai sake tashi ba. Ni na ɗauka kayan gyaransa ne, ban iya taɓawa ba sai yau da safe. Madubin ne, Yaya, mai rigar da na cike da ruwan ɗorawa. Yana nan a gabana ina rubuta miki wannan.

Ki ba ni shawara. Allah ya ƙara miki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ƙanwarki,
Maman Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na ji daɗin jin ƙafar ta saɓe har kina zuwa kasuwa. Kada dai ki zaƙe. Ina gaida kowa da kowa, da jaririyar da ban gani ba tukuna.

Kin ce in mayar musu da kayansu, a bar kaza cikin gashinta. Ki yi haƙuri, Yaya, kafin shawararki ta iso na riga na fige kazar.

Na aika Auta ta kira min malamarsu ta ilimin halittu. Yarinya ce, ba ta fi shekara uku da fara koyarwa ba, ɗalibai na ce mata Malama Ƙarama. Da na buɗe mata akwatin sai ta goge hannunta a jikin mayafi kafin ta taɓa, ta ce ita ma rabonta da shi tun tana kwaleji. Ta duba, ta ce lafiyarsa ƙalau, ruwan ya bushe. Da yake da hasken rana yake aiki, na kwantar da kan keken ɗinkina, muka ja teburin jikin taga muka ɗora shi. Ta nemi albasa da reza da maganin nan ja da ake sa wa ciwo. Ta ɓare wata fata siririya daga cikin albasar, ta shimfiɗa a ɗan gilashi, ta ɗiga maganin, ta ce Auta ta leƙa.

Yarinyar nan ta daɗe a sunkuye har na ɗauka ba ta ga komai ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Mama, ashe da gaske ne." Shekara uku tana zana abin nan a littafi tana cin maki, a ranta ta ɗauka ƙirƙirar masu littafi ce. Ni ma na leƙa. Kamar ginin bulo aka jera, kowane da ɗan ɗigo a tsakiya, a cikin albasar da nake yankawa kullum ina hawaye. Ran nan ma na yi hawayen, amma albasa ba ta da laifi. Na tuna sau nawa ya so ya ba ni labarin aikinsa ina cewa ya bari in gama kalmasa.

Yanzu ɗakina ya zama aji. In an tashi makaranta sukan zo takwas-takwas, su tuɓe takalma a ƙofa, su yi layi tsakanin buhun ƙyallaye da teburin guga. Babu abin da ba su sa a ƙarƙashinsa ba: gashin kai, zaren ɗinkina, ƙafar tururuwa. Wata mai rawar kai ta ɗebo ruwan tsohon bokitin da ke bayan gida, suka ga abubuwa na iyo a ciki, ihu har titi. Tsohuwar maƙwabciyata ta shigo da sandarta, wai ta ji na buɗe asibiti, a duba mata gwiwa. Rabon gidan nan da dariya tun kafin rasuwar.

To, zancen da ya shiga bakin 'yan mata arba'in ai ya gama gari. Shekaranjiya sai ga Malam Za-a-duba da kansa, mutumin da ya yi wata biyar bai gane hanyar gidan nan ba, yanzu ya gane ta ba ɗan jagora. Ya tsaya a ƙofa yana toshe hanci da hankici kamar ƙyallayena na wari. Ya fara da kirana uwargida, yana cewa ai marigayi ɗan'uwansa ne na jini. Sannan ya sauko kan abin da ya kawo shi. Wai manyan baƙi za su zo daga waje, masu tallafa wa ilimi, an buɗe kaya an ga madubai biyar. Wai in ban miƙa na shidan ba kafin Juma'a, dole zai rubuta wa ofis cewa marigayi ya fitar da kayan gwamnati ya kai gidansa, kuma in san irin wannan takarda ba ta goguwa daga fayil ɗin mutum. Duk yana faɗa yana murmushi, kyan ɗan maciji. Na tambaye shi, in na bayar, yaran za su samu su yi amfani da shi kafin jarrabawa? Ya ce za a duba.

Yaya, kin san Malam. Ko guntun alli ya tarar a aljihunsa, sai ya mayar washegari. Bai bar mana gida ba, bai bar mana gona ba, sunan nan kaɗai ya bari, kuma shi nake taƙama da shi a unguwa. Yanzu mutanen da suka yi ƙarya sau goma sha biyu, suka buga ta da launi suka rataya a bango, su ne za su kira shi ɓarawo. In na miƙa madubin, sunansa ya tsira, yara kuma sun koma kallon allo, alhali Malama Ƙarama ta ce ko rabin abin da za a tambaye su ba su gani ba. In na riƙe, Auta za ta shiga jarrabawa da ido buɗe, da sunan 'yar ɓarawo.

Auta ta ce in mayar, ba ta son a taɓa Babanta. Tana faɗa tana shafa akwatin.

Ki sa mu a addu'a. Ki shafa min kan jaririya.

Taki har kullum,
Maman Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin naki, ya hidimar yara? Ki yafe min shirun da na yi, na san hankalinki na kaina. Ba abin da ya same mu.

Ranar Alhamis ɗin nan, ana gobe wa'adinsa zai cika, na sa mayafina na tafi makarantar, hannuna ba komai. Na wuce doguwar ƙofar nan, na wuce azuzuwan da yara ke zaune huɗu-huɗu a bencin mutum biyu, wasu a kan taga. Ofishinsa kuwa sai ka ce ba a makarantar yake ba, ga kujeru masu laushi, ga labule har ƙasa, ga sanyi kamar cikin firji. Da ya gan ni ya washe baki, yana leƙen bayana ko wani na biye da akwati.

Na ce masa na zo ne in taya shi rubuta takardar, don kada a yi kuskure a kan mamaci. Na ce abu ɗaya nake so ya sa a ciki, daga wace makaranta marigayi ya ɗauki madubin. Kalandar nan tana rataye a bayan kujerarsa. Na zagaya na sauko da ita, na shimfiɗa masa a tebur, na buɗe wata na uku, inda makarantarsa take, shi kansa yana tsaye a hoton da babbar riga. Na ce ga shi nan an rubuta an ba ku shida. In daga nan aka ɗauka, ya tashi ya kai ni ɗakin gwaji in ga biyar ɗin da suka rage, in ga inda ɗalibai ke amfani da su. In kuma daga wata makarantar ne, ina ruwansa, mai kaya ya zo da kansa. Na ce kuma ban ga abin tashin hankali ba, tunda makarantu goma sha ɗaya kowace na da shida, ya aika a aro masa ɗaya mana. Ina magana ina juya shafi, ina ɗora yatsa a kan zanena. Na ce in ofis na son bayani, ni na ɗinka, kuma sauran ƙyallen na nan a buhuna, zan kawo wa baƙin su gwada da hoton.

Yaya, da kin ga mutumin nan. Ya yi tsuru-tsuru, gumi na keto masa cikin sanyin nan. Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa. Na koma uwargida, marigayi ya koma ɗan'uwa na jini. Wai wasa yake yi, wa zai taɓa sunan mutumin kirki irin wannan. Wai in riƙe har a gama jarrabawa, ai duk don yaran ake yi. Na ce ashe. Na bar masa kalandarsa a buɗe na fito. Sai da na kai bakin titi na zauna a kan dakali na yi kukana na share.

Baƙin sun zo sun tafi. Auta ta ce an jera madubai biyar, gurbin na shida aka ajiye tukunyar fure. An zaɓi yara ashirin masu hasken fuska aka sa musu fararen riguna, aka ce kada su taɓa komai. Wata baƙuwa ta nemi wata yarinya ta nuna mata yadda ake amfani da madubin, yarinyar kuwa tana cikin masu zuwa ɗakina, ta nuna tiryan-tiryan. Aka tafa wa Malam Za-a-duba. Da yamma rediyo ta ce an sake ƙara wa manyan sakandare kaso.

Amma kada ki ɗauka ya haƙura. Wanda bai iya gyara famfo cikin shekara takwas ba, cikin kwana shida ya samo wa Malama Ƙarama takardar canjin wurin aiki, zuwa wata makaranta mai tafiyar yini guda. Ashe in sun so, aiki na sauri. Ɗinkin kayan makaranta da nake samu duk shekara shi ma an ba wani. Wannan bai dame ni ba, allura ba ta rasa yadi. Tafiyar yarinyar nan ce ta tsaya min a wuya. Ta zo sallama da jakarta, tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi, ni da na jawo mata. Na ɗinka mata riga, shi ke nan abin da na iya.

Kafin ta tafi ta gama da su a kan madubi. Auta yanzu da kanta take yanka, ta saita, ta zana abin da ta gani, har tana koya wa na bayanta. Sunan ubanta kuma ba wanda ya taɓa. Wannan kam na samu.

Sai dai jarrabawar gwaji biyu ce. Akwai ta sinadarai, wadda ake ɗiga wani ruwa cikin wani ta doguwar kwalba mai ɗan famfo, ɗigo-ɗigo, har launi ya juya, a tsayar daidai lokacin. Malama Ƙarama ta yi niyyar aro kwalbar wurin wata ƙawarta ta nuna musu ko sau ɗaya, ba ta samu ba aka ɗauke ta. Malamin darasin ya ce su haddace cewa ruwan zai koma ja-ja. An ce ranar jarrabawa za a kawo kaya na yini ɗaya, ranar ce yara za su fara riƙe su. Na je kantin magani biyu da wani asibiti ina tambaya, ba wanda ke da irinta. Auta tana gwadawa da sirinji da ruwan shayi a kan teburina.

Jarrabawar ranar Talata ce, kuma har yau ban samo mata kwalbar ba.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya bar zumunci, ya sa mu gana da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Maman Auta